Adadin 2520 da Sunayen Kashi a Hausa

Adadin 2520, wanda magabata kan kira alfyan da hamsaminya da ashirin, shi ne mafi ƙanƙancin adadin da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ke rabawa ba saura. Dalili kuwa, tilas ya rabu da 5, 7, 8 da 9, kuma babu lambar da ke raba biyu daga cikinsu sai 1. In aka riɓanya su, 2520 ake samu. Sulusinsa 840 ne, humusinsa 504, sumuninsa 315. Masana hisabi kan tuna shi da kashi huɗu masu harafin ainu a Larabci: rubu'i, subu'i, tusu'i, ushuri, watau 4 × 7 × 9 × 10. Ya kyautu malamai su riƙa kafa misali da shi, don kada waɗannan kalmomi su ɓace wa ɗalibai.