Mai ɗaukar bayanan shari'a: abin da ya kamata ku sani

A kotunan Amurka akwai wani ma'aikaci da ke zama gaban kujerar alƙali, da wata 'yar na'ura mai ƙafa uku a tsakanin gwiwoyinsa. Ba lauya ba ne, ba ɗan jarida ba ne, kuma ba shi da ta cewa a hukunci. Aikinsa shi ne duk kalmar da ta fito daga bakin alƙali ko lauya ko mai ba da shaida, ya kama ta yadda ta fito, ba ragi ba ƙari. Idan shaida ya fara magana ya haɗiye rabinta, haka za ta shiga takarda da guntunta.

Abin da ya sa ake wannan wahala shi ne ɗaukaka ƙara. Alƙalan kotun gaba ba su halarci zaman ba, kuma galibi ba sa kiran shaidu su maimaita. Kundin shari'a kawai ake ajiye musu. Duk abin da bai shiga kundin nan ba, a wurinsu ba a faɗe shi ba, ko da kotu cike take da mutanen da suka ji da kunnensu. Shi ya sa a 1944 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta sa kotunan tarayya su ɗauki irin waɗannan ma'aikata. A 1956 kuma, a shari'ar Griffin da jihar Illinois, Kotun Ƙoli ta ce bai halatta talaka ya rasa damar ɗaukaka ƙara don kawai ba shi da kuɗin sayen kwafin shari'arsa ba. Mutum biyu ne aka ɗaure kan fashi da makami, suka roƙi a ba su kwafin kyauta, jihar ta hana, har magana ta kai can.

To, ta yaya hannu zai kamo baki? A nan abin yake da ban sha'awa. Na'urar, wadda ake kira siteno, maɓallanta 22 ne kacal, ban da na lambobi, wato ko haruffan Turanci 26 ba su cika ba. Ba a buga ta harafi bayan harafi kamar kwamfuta. Ana danna maɓalli da yawa a lokaci guda, kowace dannawa ta ba da gaɓa ɗaya, ko kalma, wani lokaci ma jimla sukutum. Yatsun hagu suna riƙe da baƙaƙen farkon gaɓa, na dama suna riƙe da na ƙarshe, manyan yatsu biyu kuma su ne masu wasula huɗu, A, O, E da U. Haruffan da babu su a jikin na'urar, haɗa su ake yi. Idan gaɓa ta fara da D, sai a danna T da K tare. B ita ce P da W, L ita ce H da R, N kuma sai an haɗa T da P da H. Wanda bai koya ba, idan ya leƙa abin da ke fitowa, zai rantse yaro ne ya yi wasa da na'urar. Sauti ake bi, ba ƙa'idar rubutu ba, kuma kowane ma'aikaci yana da nasa ƙamus na gajerun hanyoyi da ya tara cikin shekaru, musamman na maganganun da lauyoyi ba sa gajiya da maimaitawa. A da, sai ya koma ya zauna ya warware rubutun da kansa. Yanzu manhajar kwamfuta ce ke mayar da shi Turanci nan take, har alƙali na iya karanta magana a allon gabansa kafin mai maganar ya rufe baki. Kurame ma da wannan suke bin zaman kotu.

Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, NCRA, wadda asalinta ya koma 1899, tana da jarrabawar da ake ji da ita. Dole mutum ya rubuta kalma 180 a minti ɗaya a karatun zube, 200 a jawabin alƙali ga masu taya shi yanke hukunci, sannan 225 a tambaya da amsa, kuma kashi 95 cikin ɗari su fita daidai. Koyon maɓallan ba ya ɗaukar lokaci sosai. Saurin ne ke cinye shekaru, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke ajiye na'urar su nemi wata sana'a. Wani ɗan Amurka, Mark Kislingbury, ya kai kalma 360 a minti a 2004, ya shiga kundin Guinness. Akwai kuma masu aiki da murya: suna rufe bakinsu da wani abu mai makirfo a ciki, suna maimaita duk abin da aka faɗa ƙasa-ƙasa ba tare da kowa ya ji ba.

Sauri kaɗai ba ya wadatarwa. Ga likita yana zuba sunayen jijiyoyi da magunguna, ga lauyoyi biyu sun hau juna da musu, ga shaida da aka tambaya sai ya gyaɗa kai kawai. Gyaɗa kai ba ya rubutuwa, don haka sai an ce masa ya buɗe baki ya ce e ko a'a. Mai ɗaukar bayani yana cikin 'yan kaɗan da ke da damar katse zaman kotu ya ce a yi magana ɗaya bayan ɗaya. Idan gardama ta tashi kan abin da aka faɗa ɗazu, shi alƙali zai juya wa ya ce a karanto, kowa ya yi tsit. A shari'ar kisa ko fyaɗe zai ji abin da zai hana shi barci, amma fuskarsa ba za ta nuna ba. In an tashi kuma aikinsa bai ƙare ba: zai gyara rubutun, ya tabbatar da sunaye, ya sa hannu cewa abin da aka faɗa ke nan. Kwafin nan ana biyansa ne shafi-shafi, ban da albashi. Da yawa daga masu wannan sana'a ma ba a kotu suke ba, suna bin ofisoshin lauyoyi ne inda ake ɗaukar shaida bisa rantsuwa kafin a shiga shari'a.

Sana'ar na fuskantar matsi. Manyan kotunan laifi na Ingila sun koma naɗar murya da na'ura, wasu kotunan Amurka ma haka, saboda tsada da ƙarancin ma'aikata. Ni dai a ganina rikoda tana da aibi guda babba: ba ta san ta rasa magana ba. Wani ya yi tari a kan kalmar da shari'a ta rataya a kanta, ba za a gane ba sai bayan watanni, lokacin da mai kwafewa ya rubuta cewa ba a ji ba.

A Najeriya labarin daban ne. A yawancin kotuna alƙali ne da kansa ke rubuta bayani da biro, shi ne mai sauraro, shi ne akawu. Duk wanda ya taɓa zama a babbar kotu ya ga yadda ake yi: shaida ya faɗi jimla ɗaya, lauya ya ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata, ka riƙa kallon alƙalamin mai shari'a." Sai biro ya tsaya sannan a ci gaba. Idan shaidan da Hausa yake magana, tafinta zai juya ta zuwa Turanci, alƙali kuma ya rubuta abin da ya fahimta daga tafinta. An tankaɗe maganar sau biyu ke nan kafin ta kai takarda, kuma abin da ya rage a rariya ba mai sake ganinsa. Wannan na cikin dalilan da shaida ɗaya ke cinye yini guda. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba da damar naɗar zaman kotu da na'ura a fitar da rubutunsa alƙali ya tabbatar, wasu kotuna sun fara, amma biro bai sauka ba tukuna.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 36, ya wajabta wa kotu ajiye bayanan duk shari'ar laifi, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gama shari'a, da tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Saboda haka in kun tsaya ba da shaida, ku yi magana a hankali, ku faɗi sunaye da ranaku da adadin kuɗi dalla-dalla. In kuna jin Turanci kuka ji tafinta ya kauce, ku gyara masa nan take, kada ku bari sai an fita waje. Mai niyyar ɗaukaka ƙara ya je wurin rajistara da wuri ya nemi kwafin shari'a mai hatimi, ya zauna da lauyansa su karanta shi shafi-shafi. Idan an ga kuskure akwai hanyar ƙalubalantarsa ta takardar rantsuwa, sai dai kotun gaba tana ɗaukar kundin a matsayin daidai har sai mai ƙorafi ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka.