Wata Ɗaya, Garuruwa Dubu



Duk daren ashirin da tara ga watan azumi, kunnen ɗan zangon Wagadugu biyu ne. Ɗaya yana jiran sanarwar FAIB, haɗaɗɗiyar ƙungiyar Musulmin Burkina Faso, ɗayan kuma yana can Sakkwato, ko Sarkin Musulmi ya ce an ga wata. Sai waya ta yi ƙara daga Maraɗi ko Kumasi: "Yaya, an gani a wajenku?"

Wannan tambaya ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba, kuma ba mu kaɗai muka san ta ba. Yahudawa ma da wata suke ƙirga bukukuwansu. Kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, shaidu ne ke zuwa gaban majalisar malamansu a Birnin Ƙudus su ce sun ga jinjirin wata. In an tabbatar, sai a kunna wuta a kan Dutsen Zaitun. Na tsauni na gaba ya hango, ya kunna tasa, haka daga tsauni zuwa tsauni har labari ya kai ga 'yan'uwansu da ke Babila, ƙasar Iraƙi ta yau. Da wasu suka fara kunna wutar ƙarya, sai aka koma aika manzanni.

To, manzo kuwa ƙafa gare shi. Garuruwa masu nisa, biki kan riske su labari bai iso ba. Me suka yi? Ba su yi zaman jayayya ba. Sai suka riƙa yin ranar biki sau biyu, don kowace ce ta gaskiya, sun yi tare da danginsu. Ko da aka tsayar musu da kalandar lissafi a ƙarni na 4, ba su yar da al'adar ba. Har yau bikin Pesak, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Misira tare da Annabi Musa, alaihis salam, kwana 7 ne a Isra'ila, amma kwana 8 ga masu riƙo da tsohuwar al'ada a Faransa ko Amurka. A ganina, jama'a, wannan rana ta ƙari ranar zumunci ce: ta wanda ke nesa amma ya ƙi a bar shi a baya.

Mu ma ai mun san zafin warwatsuwa. Fatauci ya kawo kakanninmu ƙasar Mosi, suka zauna a unguwar Zangouettin a nan Wagadugu, suka zo har da wasan dodo da yara ke yi da azumi, ɗan'uwan tashen Kano. A 2003 aikin sabunta tsakiyar gari mai suna ZACA ya rushe unguwar, maƙwabtan shekara da shekaru suka bazu a bakin gari. Amma ranar Babbar Salla, wadda Mosawa ke kira Kibsa, ku dubi babura nawa ke ratsa birnin nan da ƙullin naman layya, daga wannan gefe zuwa wancan, ana neman tsohon maƙwabci.

Abin da ke damuna shi ne gardamar da ke tashi in Nijar ta yi Salla yau, mu ko Nijeriya sai gobe. Har ka ji ɗan'uwa na yi wa ɗan'uwansa gori a waya. Hukuncin ganin wata na malamai ne, a bar musu abinsu.

Namu shi ne gaisuwa. Iya da Baba, matasa da 'yan mata, in Sallar danginku ta riga taku, ku kira su ranar tasu ku ce barka da Salla, su ma su kira ku ranar taku. Zumunci a ƙafa yake, yau ga shi har a tafin hannu. Allah Ya maimaita mana.