An Samu Jami'a, Saura Wurin Kwana

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu shiga jami'a suka fito, gidajenmu na Rimaye da sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada sukan cika da murna. Ran Lahadi fasto ya sanar a majami'a, a kira yaro gaba a yi masa addu'a, matan zumunta su rangaɗa guɗa, uba kuwa ya koma gida ya shiga lissafin buhun gero ko na wake nawa zai fitar domin kuɗin rajista. Abin da aka fi mantawa da shi a cikin wannan lissafi shi ne inda yaron zai sa haƙarƙarinsa. Sau da yawa sai an sauka a tasha, ga katifa a naɗe, ga bokiti a hannu, sannan a tuna ba a san ɗakin da za a nufa ba.

Yaranmu na wannan yanki sun fi zuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, wasu kuma Bayero ta Kano. Ciwonsu duka iri ɗaya ne, wato ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Za mu fi ba da misali da Zariya, domin ita ce babba, kuma ita ce ta yi wa ɗan Rimaye nisa ƙwarai, ko ta Kano ya bi ko ta Malumfashi da Funtuwa. Wanda ya rasa makwanci a can ba shi da halin cewa bari ya leƙa gida ya kwana.

Dattawanmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 suna ba da labarin wani zamani dabam. A lokacin ɗaki yana jiran ɗalibi, abinci kuma yana jiransa a ɗakin cin abinci, tikiti kawai zai miƙa. Har ma ƙarin kwabo 50 da aka yi a kan kuɗin abincin yini shi ya tayar da zanga-zangar nan ta Afrilun 1978, wadda aka sa wa sunan kwamishinan ilmi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, inda aka rasa rayukan ɗalibai a Samaru. A 1984 gwamnatin soja ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, tun daga nan risho da tukunya suka shiga ɗakunan kwana. Mun kawo wannan ne domin iyayen da ke auna yau da mudun jiya su san kasuwar ta tashi tuntuni.

To, me ake zaɓa? A gaskiya zaɓin bai kai yadda sunansa yake ba. A Samaru akwai ɗakunan kwana na Amina da Ribadu na mata, akwai Akenzuwa da Ɗanfodiyo da Ramat na maza, ga kuma Sulaiman da wasunsu. A 2019 Gidauniyar Ɗangote ta miƙa wa jami'ar sababbin gine-gine 10 masu gadaje 2,160, amma ga jami'ar da ɗalibanta suka kai dubun dubata wannan tamkar zuba guga ɗaya ne a rijiya. Sabon ɗalibi ba ya nuna ɗaki da yatsa ya ce wannan nake so. Abin da ya faɗo masa shi zai karɓa. Zaɓin da ke hannunsa shi ne: cikin makaranta ko gidan haya a gari, da kuma mutanen da zai zauna da su.

Kafin komai sai a duba takardar shiga a ga inda sashen karatun yake. Masu karatun lauya da sha'anin mulki a Kongo suke, kusa da Tudun Wada, wanda tafiya ce ta mota daga Samaru. Uban da ya kama wa ɗansa ɗaki a Hayin Dogo alhali darussansa a Kongo ne, ya ɗora masa kuɗin mota safe da yamma har shekara ta ƙare, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Yanzu ta intanet ake raba gadaje. Sai ɗalibi ya gama biyan kuɗin rajista, sannan ranar da aka buɗe shafin ya shiga ya kama gado, kuma ba ya daɗewa ya cika. Jami'o'i da dama sukan fifita sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe, saboda haka shekarar farko ita ce damar da ta fi girma, kuma jinkirin biyan rajista shi ke kashe ta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu manoma, domin mun saba jiran amfanin gona ya yi daraja kafin mu sayar. Ribar da za a samu a kan buhu biyu ba ta kai rabin hayar shekara ba.

Wanda ya rasa sai ya ji ana raɗa masa cewa akwai mai sayar da gado. Dokar jami'a ta hana wannan ciniki, da mai saye da mai sayarwa duk suna iya rasa gadon in an kama su. Wani yaron ikkilisiyarmu, a wata jami'a da ba za mu kama sunanta ba, ya ba wani ɗalibi kuɗin da uwarsa ta sayar da akuya biyu ta haɗa masa. Da ya isa ɗakin da katifarsa sai ya tarar da mutum biyu suna gardama a kan gadon nan, kowannensu ya biya. Ba rasit, ba shaida, ba kuma bakin kai ƙara, tun da cinikin kansa laifi ne. Raɓewa a ɗakin wani ɗan gari ita ma doka ba ta yarda da ita ba, ko da yake ita ce ta rufa wa ɗalibai da yawa asiri. Mai raɓe ya san matsayinsa: shi ne na ƙarshe a kwanciya, na farko a tashi.

In an tambaye mu, mu dai muna ganin shekarar farko a cikin makaranta ya kamata a yi ta, in da hali. Ba domin daɗi ba. Ɗakin da aka gina domin mutum biyu yau sai a samu shida ko fiye, bayan gida sai an toshe hanci, ga kuɗin cizo, ga layin ruwa tun asuba, wayar da aka bari a caji kuwa ta yi ƙafa. Cunkoso da bazara ba abin wasa ba ne. Waɗanda suka ga sanƙarau na 1996, da wanda ya taɓa Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, sun san ɗaki mai cunkoso da rufaffiyar taga shi ne gonarsa. Yaro ya yi rigakafi kafin ya tafi. Amma duk da haka kuɗin gado bai kama ƙafar hayar gari ba, aji da ɗakin karatu da asibitin jami'a duk da ƙafa ake zuwa, mai karatun dare kuma zai koma ɗakinsa ba tare da ya fita ƙofar makaranta ba. A nan ne kuma baƙo yake jin labari da wuri: an sauya ɗakin lacca, an matso da jarrabawa, an buɗe wani shafi.

Ga kuma yajin aiki. A 2022 malaman jami'o'i sun ajiye alli tun daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Mai gidan haya ba ya ƙidaya zangon karatu, shekara yake ƙidayawa. Yara da yawa suna gida suna noma hayarsu ta ƙare.

Batun da ya fi nauyi shi ne tsaro, musamman ga 'ya'ya mata. Ran 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida suka kwashi ɗalibai, yawancinsu mata. Ba a yi mako biyu ba, ran 4 ga Oktoba, aka ɗauke ɗalibai mata 5 na Jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Dutsin-Ma kuwa nan ce kusa da mu. Ba mu ce katangar makaranta ta hana komai ba, tsaro na Allah ne, amma duka biyun a wajen makaranta suka faru. Arhar ɗakin da ke gefen gari, inda gida na gaba gona ce, arha ce mai tsada.

In ya zama dole a kama haya, uba ko wani babba ya taka da ƙafarsa ya gani, kada a aika da kuɗi ga dillali ta waya. A je da rana, a sake komawa da dare. A tambayi ɗaliban da ke gidan, ba mai gidan ba, ko rijiyar tana kai watan Afrilu da ruwa, da yadda ake raba kuɗin wuta, da ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida da wanda ke riƙe da makulli. A dubi rufi ko akwai shatar yoyo. A karɓi rasit mai ɗauke da ranar shiga da ranar fita. Wanda ke dogara da bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka soma a 2024 da Naira 20,000 a wata na kashewa, ya sani ba ya zuwa a dunƙule yadda mai gida yake so, kuma bashi ne, biyansa za a yi.

Saura abokan zama. A cikin makaranta ba kai ke zaɓa ba: za a haɗa ka da Bayarabe, da ɗan Tibi, da Bahaushe Musulmi ɗan'uwanka. Ɗan Rimaye bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tun da a gida ma kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke sha. In abokin ɗaki ya shimfiɗa darduma a kashe rediyo, a ba shi wuri. In kai ma za ka yi addu'ar safe ka yi ta ba tare da ka tashi mai barci ba. Gardamar addini kuwa, a ɗaki ko a zauren waya na 'yan aji, a bar ta. Abin da ya fi haɗa faɗa a ɗaki ma ba addini ba ne, kananzir ne da sabulu da cin tuwon wani ba a tambaya ba. Tun makon farko a yi magana a fili: tukunya ɗaya za a yi ko kowa tasa.

A Samaru akwai majami'ar Furotesta da ta Katolika a cikin jami'a, ga zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, kuma tsofaffin ɗalibanta sun saba tarar baƙi a lokacin rajista. Da ikkilisiyoyinmu na ƙasar Kankiya da Kusada za su riƙe ɗan littafi na sunayen yaransu da ke kowace jami'a, da lambar wayarsu da ɗakin da suke, da babu ɗan Rimaye da zai kwana a aji a darensa na farko. Wannan ba ya bukatar baiko na musamman, sakataren matasa ɗaya ya isa. Fasto kuma ya ba yaro wasiƙa zuwa ga faston majami'ar da zai je, kamar yadda ake yi wa ma'aikacin da aka sauya wa gari.

Ranar tafiya a yi sammako, domin ofishin kula da ɗalibai ba ya jiran wanda ya iso da magariba. A riƙe kofi biyu na kowace takarda, da hotuna ƙanana, da kwaɗo mai kyau na akwati, da gidan sauro, da bargo saboda hunturun Zariya. Garin kuka da daddawa da ƙuli-ƙulin da inna ta ƙulla a sa su can ƙasan akwati.