Ruwan Rijiyarmu Garau Ne, Amma Lafiyayye Ne?

'Yan'uwa, a Kebbe da Tambuwal gidajenmu da yawa da rijiya suka dogara. Mukan ja guga, mu ga ruwa garau, mu sha. Amma ƙwayar cutar amai da gudawa ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,500 a Nijeriya, jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda suka sha wuya.

Gwaji kaɗai ke faɗin gaskiya. Masu gwajin suna neman wata ƙwaya mai suna E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum da na dabba. In an same ta, to, kashi ya sami hanyar shiga rijiyar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Sai dai in ɗibar ruwan ta ɓaci, gwajin ma ya ɓaci. Mu nemi ma'aikatan duba-gari su haɗa mu da ɗakin gwaje-gwaje, mu karɓo kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta. Gorar lemo ba za ta yi ba. Mu wanke hannu da sabulu. Kada mu ɗauraye kwalbar, kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfinta. Mu ɗaura mata igiya mai tsabta da ɗan abu mai nauyi, mu zura a hankali ba tare da ta gogi bango ko ta taɓa laka ba. Mu bar ɗan sarari a sama, mu rufe nan take, mu rubuta sunan gida da rana da lokaci.

Daga nan sai hanzari. A sa kwalbar cikin kula da ƙanƙara, ta isa wurin gwaji cikin awa 6, kada dai ta wuce awa 24, gama ƙwayoyin na iya ƙaruwa ko su mutu a hanya. Wanda zai kai ta Sakkwato ya ɗiba da asuba, ya kama motar farko.

In sakamako ya nuna ƙazanta, mu riƙa tafasa ruwan sha, a zuba wa rijiyar kulorin, a gyara bakinta da murfinta, sa'an nan a sake gwaji. Masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya. Kowace shekara in damina ta sauka, mu sake kai ruwanmu a duba, domin yaranmu ne ke fara kwantawa.