Kwamfuta ta ce faifan babu komai, alhali muryar Baba tana ciki

Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, Yaya ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gadon Inna a gidanmu na Aboabo, nan Kumasi. Cike yake da faya-fayan bidiyo, na biki da na suna da na tarbar alhazai. Ta miƙo mini ta ce, "Kai ne ɗan boko. Ka nemo mana wanda Kawu ya ɗauka ranar sunan ɗana. A ciki ne Baba ya yi doguwar nasihar nan, kuma Inna tana so ta sake jin muryarsa."

Ban sha wahalar gano shi ba. Ɗan ƙarami ne, faɗinsa santimita 8, irin na kyamarorin hannu da suka yi tashe kafin wayoyi su karɓe aikin. Gigabait 1.4 yake ɗauka, wato kamar bidiyon rabin awa. Na saka shi a kwamfuta, ya yi ta juyi, can sai ta ce faifan sabo ne fil, ina so ta shirya mini shi don ajiya? Wallahi saura ƙiris in danna. Ɗan ƙanena da ke koyon gyaran kwamfuta ne ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Baffa, kar ka taɓa! Juya bayansa ka gani." Na juya, sai ga zobe mai duhu ya ci fiye da rabin faifan. Alamar an yi rubutu a kansa ke nan.

Abin da na koya daga ranar shi nake so in raba da ku, don na san gwangwani irin namu yana nan a gidaje da yawa a zango.

Kwamfuta ba ta gane bidiyo kai tsaye daga jikin faifai. Da farko wani ɗan kundi take nema, wanda ke faɗa mata sunan kowane fayil, inda ya fara da inda ya ƙare. Wannan kundi shi ne tsarin fayil. Tsohon cikinsu shi ne ISO 9660, wanda aka kafa a 1988 domin CD, kuma Windows da Mac da Linux duk suna karanta shi. Da DVD ya zo, sai aka koma wani mai suna UDF. To shi UDF hawa-hawa ne, akwai 1.02, 1.50, 2.00, 2.01, 2.50 har 2.60, kuma kowace babbar manhajar kwamfuta akwai hawan da ta tsaya.

Faifan fim da kake saye a kasuwa, ko wanda mai ɗaukar bidiyo ya haɗa maka ya kammala, yawanci yana ɗauke da kundi biyu tare, UDF 1.02 da ISO 9660. Shi ya sa yake buɗewa ko'ina. Za ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta fayiloli masu ƙarewa da IFO da BUP da VOB. Bidiyon yana cikin VOB, an yanka shi gunduwa-gunduwa, babu wadda ta wuce gigabait 1.

Namu faifan fa? Kyamara ba ta rubuta kundin yayin da ake ɗauka. Takan bar masa fili a farkon faifan, ta yi ta zuba bidiyo a gaba, sai ranar da mai ita ya shiga menu ya zaɓi Finalize, wato rufe faifai, sannan ta koma ta cike filin. Kawu bai taɓa rufewa ba. A cikin kyamarar yake kunna mana mu kalla, ita kuwa ta san inda ta ajiye kayanta. Yau kyamarar ta mutu. Idan ka kai irin wannan faifai ga Windows, sau da yawa takan nuna shi a matsayin wanda babu komai. Mac takan ce sabo ne, ko ta ce ba ta iya karanta shi. Linux ma ba za ta buɗe maka jaka ba, amma akwai ɗan umarni a cikinta, dvd+rw-mediainfo, da zai nuna maka cewa akwai layukan rubutu a jiki da girman kowanne. Haɗarin ya fi yawa in faifan DVD-RW ne, domin shi ana iya goge shi, dannawa ɗaya ta isa ta tafi da komai. DVD+RW da DVD-RAM kuwa galibi ba sa bukatar rufewa.

Da muka ci gaba da tonon gwangwanin, sai muka tarar ashe iri-iri ne a ciki.

Akwai waɗanda aka naɗa da na'urar DVD ta falo, a tsarin da ake kira VR. Su UDF 2.00 suke amfani da shi, kuma maimakon VIDEO_TS sai ka ga jaka mai suna DVD_RTAV, da wani ƙaton fayil guda, VR_MOVIE.VRO. Windows 98 da Windows 2000 ba su kai wannan hawa ba. Daga XP zuwa sama kundin yana karantuwa, sai dai mutum ya danna fayil ɗin ya ƙi tashi, ya ɗauka ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Ka kwafe shi zuwa kwamfuta ka buɗe da VLC, manhajar nan ta kyauta.

Akwai na kyamarori masu hoto tangaran, tsarin AVCHD da Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006. A ido faifan DVD ne, amma kundinsa UDF 2.50 ne, irin na Blu-ray. Windows XP ta tsaya a 2.01, don haka tsohuwar kwamfutar shagon kwafe takardu ba za ta gan shi ba. Windows Vista da duk na bayanta suna karantawa. Mac ta fara daga 10.5, Linux kuma tun 2008. Na'urar DVD ta falo ita ma ba ta kunna shi, don haka kar a matsa mata.

Sai kuma kakansu, VCD, wanda muka sha kallon finafinan Kano a kansa, kuma da shi aka naɗa bukukuwan yayyenmu. Kundinsa ISO 9660 ne, bidiyon yana jakar MPEGAV da suna irin AVSEQ01.DAT. Amma ainihin bidiyon a wani layi daban yake, an rubuta shi ta hanyar da ta rage kariyar kuskure don a samu ƙarin wuri. Windows tana kwafe shi salin alin. A Linux kuwa kwafin kai tsaye yakan tsaya da saƙon kuskure, sai an bi ta VLC ko vcdxrip. Ga shi kuma ƙarzuwa kaɗan tana nunawa a hoto.

Wani abin da ke ruɗa mutane daban yake da duk waɗannan. Tun daga Windows 8 ba a haɗo manhajar kunna DVD a ciki. Ka ga jakar, ka ga fayilolin, amma fim ya ƙi fitowa. Nan ma VLC ce magani.

To yaya muka ƙare da faifan Baba? Hanya mafi sauƙi ita ce a samo kyamara irin wadda ta ɗauka, a jona ta da wuta, a rufe faifan a ciki. Mun zaga wajen masu gyara ba mu dace ba. Sai yaron nan ya aro na'urar DVD mai iya rubutu, wadda ake jonawa ta USB, don irinta ta fi iya leƙa faifan da ba a rufe ba. Ya yi amfani da IsoBuster, manhajar da ke tsallake kundi ta bi jikin faifan tana neman bidiyo. Muna zaune har bayan isha'i, sai ga fayiloli sun fara jeruwa.

Shawarata ga mai irin wannan ajiya gajera ce. Duk abin da kwamfuta ta tambaye ka game da shiryawa ko gogewa, ka ce a'a. Ka duba bayan faifan a haske. Ka gwada wata kwamfutar, da wata na'urar, kafin ka yanke hukunci. In ya buɗe, ka kwafe a ranar, ka ajiye a wuri biyu ko uku, ka tura wa 'yan'uwa. Faifan da aka naɗa a gida yawanci a kan wani siririn rini ake rubutunsa, zafi da rana da laima suna cin sa a hankali, kuma kwamfutocin yanzu ma sun daina zuwa da wurin saka faifai.

Washegari na kai wa Inna a waya. Ta riƙe da hannu biyu, ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Da ya ƙare ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Mayar mini farko." Yaya kuma ta tura gwangwanin gabana ta ce saura sauran.