Ƙasusuwan da Suka Zama Dutse a Ƙasar Sakkwato: Siffofinsu da Sunayensu

1.0 Gabatarwa

Malamin da ke koyarwa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, in ɗalibai suka nemi ya nuna musu ƙashin dabbar da ta rayu shekaru miliyoyi da suka wuce, ba zai same shi a unguwarsa ba, komai zurfin haƙa. Dalili kuwa shi ne birnin Kano yana zaune ne bisa daɗaɗɗen dutse wanda zafin cikin ƙasa ya narkar ko ya gasa, irin wannan dutse kuwa ba ya adana ƙashi. Sai a inda laka da yashi suka kwanta hawa-hawa ake samunsa, kamar ƙasar Sakkwato. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gane waɗannan ƙasusuwa, da kuma abin da sunayensu suka ƙunsa.

2.0 Tekun da ya ƙafe

Kimanin shekaru miliyan 70 da suka shuɗe, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara, ya malale yankin Sakkwato da yammacin Nijar. Masana sun laƙaba wa shimfiɗun da ya bari sunayen garuruwa: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange da Kalambaina. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, tana ɗauke da ɓawon halittun teku.

3.0 Yadda ake ganewa

Abin da manazarci ya fi dogara da shi shi ne gaɓar ƙashin baya da haƙori. Gaɓar bayan kifi tana da kwarmi gaba da baya. Ta dabbar da ake kira mosaso kuwa kwarmi ne a gaba, tudu a baya, kowace gaɓa tana shiga cikin 'yar'uwarta kamar taɓarya a turmi. Kada ana gane shi da faifan ƙashin da ke cikin fatarsa, mai ƙananan ramuka.

Da irin waɗannan alamu W. E. Swinton ya bayyana wani mosaso na Sakkwato a 1930, ya kira shi Mosasaurus nigeriensis. A 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa daga Italiya, bayan sun nazarci ƙoƙon kan da suka tono, suka ga ya bambanta da sauran, suka ba shi suna Goronyosaurus. Haƙoransa miƙaƙƙu ne, na sama suna shiga tsakanin na ƙasa kamar na kada.

4.0 Batun suna

Sunan ya haɗa Goronyo da kalmar Girkanci mai nufin ƙadangare. Haka Sokotosuchus, wanda Halstead ya raɗa a 1975, ma'anarsa kadan Sakkwato. Wato sunayen garuruwan Hausa sun shiga littattafan kimiyya na duniya, alhali Hausa ba ta da tsayayyen suna ga dabbobin kansu.

Mai fassara ya kiyayi kiran mosaso dinoso. Dinoso dabbar tudu ce, kamar Ouranosaurus da Philippe Taquet ya bayyana a 1976 daga Gadufawa ta Nijar. Mosaso kuwa dangin damo da guza ne, a teku ya rayu, ƙafafunsa suka zama filafilai. Don haka "guzan teku" ya fi kusa da gaskiya. Ita ma kalmar "burbushi" da kafofin watsa labarai ke amfani da ita ba ta gamsar ba, domin cikakken ƙoƙon kai ba burbushi ba ne.

5.0 Kammalawa

Muddin masanin harshe bai san bambancin gaɓar kifi da ta guzan teku ba, sunan da zai ƙirƙira zai ɓatar da ɗalibi. Wajibi ne kwamitocin ƙirƙirar kalmomi su zauna da masana duwatsu, a ajiye ƙashin a gabansu, kana a raɗa masa suna.