Abin da ya kamata ku sani: yadda fenti da alamomi ke kare rayuka a sito

Motar ɗaga kaya da ake gani a manyan ɗakunan ajiya, wadda ma'aikata ke kira fokilif, ba ta kai motar hawa tsawo ba, amma wadda ke ɗaukar kayan tan biyu da rabi, nauyin jikinta kaɗai ya kusa tan huɗu. Da tayoyin baya take shan kwana, saboda haka in ta juya, bayanta ne ke sharo gefe, daidai inda mutum ke tsaye yana zaton ya kauce. In kuma kaya ya yi tsayi, direban ba ya ganin gabansa sosai. A irin wannan wuri ne ɗan dako da aka ɗauka aiki yau da safe zai shiga, ko direban tirela da ya kawo kaya ya sauko neman inda zai yi alwala. Babu wanda ya karanta musu littafin dokoki, kuma mai kula da sito ba zai bi kowa yana "a kula, a kula" ba.

Tsarin da ake kira gudanar da aiki ta hanyar gani ya zo ne don irin waɗannan mutane. Ana son wurin da kansa ya gaya wa mai shigowa inda zai taka, inda ba zai tsaya ba, da abin da ya baci, tun kafin ya buɗe baki ya yi tambaya. Tushensa masana'antun Toyota ne a Japan bayan yaƙin duniya na biyu, zamanin injiniyansu Taiichi Ohno. A can suka rataye allon fitilu da ake kira andon: ma'aikaci na ganin matsala sai ya ja igiya, fitila ta kama, kowa ya san inda ake bukatar ɗauki. Daga Japan ɗin ne kuma aka sami tsarin 5S na ware kaya, ba kowane abu mazauninsa, share wuri, kafa ƙa'ida da ɗorewa a kanta. Manufar duka ɗaya ce, abin da ya kauce wa daidai ya fito fili da kallo ɗaya.

Daga ƙasa ake farawa. Ana ja layi, yawanci ruwan ɗorawa, a raba hanyar mota da ta masu tafiya a ƙafa, a yi wurin tsallakawa irin na titi, a zana gurbin da kowane falet, wato katakon da ake ɗora kaya a kai, zai zauna. Dokar hukumar OSHA ta Amurka ta wajabta a yi wa hanyoyin cikin sito alama, ko da yake ba ta tilasta launi guda ba. Amfanin gurbi ya fi yadda ake zato. In babu layi, buhun da aka yada a hanya buhu ne kawai. In akwai layi, kowa ya ga ya haura iyaka, har yaron da ke shara zai iya cewa a ɗauke. Haka ake zagaye gaban tukunyar kashe gobara da ƙofar fita da akwatin wutar lantarki da ratsin fenti, ma'ana kada a ajiye komai a nan ko na minti ɗaya. Duk wanda ya san sito ya san cewa "bari in ajiye nan tukuna" ita ce ke toshe ƙofar gaggawa har shekara. A kusurwoyin da ba a hango mai zuwa, ana kafa madubi mai ƙumbo, sababbin motoci kuma suna haska shuɗin ɗigo a ƙasa 'yan mitoci gaba da su, don a ga hasken kafin a ga motar.

Alamomin bango suna da ƙa'idar duniya, ISO 7010, kuma sanin ta bai fi aikin minti biyar ba. Jan zobe mai layi a karkace da ya ratsa tsakiyarsa hani ne. Shuɗin da'ira umarni ne, kamar sanya hular kwano ko takalmin ƙarfe. Mai kusurwa uku ruwan ɗorawa gargaɗi ne, kore mai kusurwa huɗu hanyar tsira ko akwatin taimakon gaggawa, ja mai kusurwa huɗu kuma kayan kashe gobara. Ɗan koren mutumin nan da ke gudu zuwa ƙofa, wani Bajapane mai suna Yukio Ota ne ya zana shi a ƙarshen shekarun 1970. Da gangan aka haɗa launi da siffa da hoto, domin akwai maza da yawa da idonsu ba ya bambanta ja da kore, kuma ba kowane ma'aikaci ke karatu ba. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa allon da aka cika da dogon Turanci ba shi da amfani a wurin da yawancin masu aiki 'yan dako ne.

Inda Turawan Ingila suka burge ni shi ne batun kantocin ƙarfe masu hawa-hawa. Kowane layi yana ɗauke da allo mai nuna nauyin da hawa ɗaya zai iya ɗauka da na layin gaba ɗaya. Idan fokilif ta bugi ƙafar kanta, mai dubawa yakan dafa ƙarfe miƙaƙƙe na mita ɗaya a jikinta ya auna lanƙwasar. Milimita uku zuwa biyar ne iyakar da ake yafewa, gwargwadon ɓangaren da ta lanƙwasa. Daga nan sai a lika launi bisa tsarin ƙungiyar SEMA ta masu ƙera kayan ajiya. Kore, a ci gaba da aiki ana sa ido. Ruwan goro, a gyara cikin mako huɗu, kuma in an sauke kayan kada a sake lodawa. Ja, a sauke kaya nan take a killace wurin. Kanta ɗaya in ta karye takan ja na kusa da ita su zube tare, shi ya sa lanƙwasar da ido ke rainawa take da wannan matsayi.

Sinadarai kuwa suna da nasu alamomin guda tara na tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, hoto baƙi cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwa: harshen wuta, ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da sauransu. Alama a jikin durom ba ta isa ba, dole a sa wata a ƙofar sito daga waje. A ranar 12 ga Agusta 2015 wani ɗakin ajiyar sinadarai ya fashe a tashar jiragen ruwa ta Tianjin a Sin, mutum 173 suka rasa rayukansu, fiye da rabinsu 'yan kwana-kwana. Waɗanda suka fara isa wurin ba su da cikakken bayanin abin da ke ciki. Laifuffukan da suka haddasa abin sun wuce rashin allo, amma mai zuwa kashe wuta yana da haƙƙin sanin ko ruwan da zai watsa zai kashe ta ko zai ƙara mata ƙarfi.

Kada a ɗauka sai mai fokilif ne wannan ya shafa. Sito-siton hatsi irin na kasuwar Dawanau a Kano, inda ake jera buhuna da hannu, su ma suna da nasu haɗarin. Layi ɗaya a bango ya isa ya nuna inda jeri zai tsaya, wani a ƙasa ya bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin buhuna da bango. Mafi muhimmanci shi ne lokacin da aka sa ƙwayar Phostoxin don kashe ƙwari. Tana haɗuwa da danshin iska sai ta saki iskar fosfin mai kisa, kuma ana rufe kaya kwanaki da dama kafin a buɗe a bar iska ta ratsa. Ƙofar irin wannan sito tana bukatar kwaɗo da jan allo mai ƙoƙon kai, da ranar da aka sa maganin da ranar da za a iya shiga, musamman ganin cewa masu gadi da 'yan dako kan kwana a ciki ko a bakin ƙofa.

Sai dai fenti ba ya tare motar tan huɗu. Masana kiyaye haɗari suna jera matakai: a kawar da haɗarin in zai yiwu, in ba haka ba a sa shinge na ƙarfe tsakanin mutum da mota, sannan alama ta biyo baya. Wanda ya ja layi a inda ya kamata ya kafa shinge, ya nemi araha ne kawai. Alamomi in sun yi yawa kuma ido kan saba da su ya daina gani, layin da ya goge ko allon nauyi da aka bari bayan an sauya tsayin kanta kuwa ƙarya yake faɗa wa ma'aikaci.

Akwai kuma allon da kamfanoni ke ƙauna, mai cewa kwana kaza ba a yi haɗari ba. In aka ɗaura masa lada, wanda ya ji rauni sai ya ɓoye don kada ya jawo wa abokan aikinsa asara. Ya fi kyau allon ya nuna abubuwan da saura ƙiris su zama haɗari: inda mota ta kusa take wani, wa aka ba gyaran, da ranar da aka gama.